Belun Mai Tipa

Asabar, watan Rajab, bayan la'asar

Na ga abin da bai kamata in gani ba.

Mai Tipa ya hwaɗi tsakar gida. Ba santsi, ba wanda yat ture shi. Ya shigo da sallama, yaɗ ɗaga ƙahwa shi ƙetare kwata, ƙahwar taƙ ƙi. Lantana matatai tay yi ihu, tac cire mai riga tana sheƙa mai ruwa. Ni ina bakin murhu. Nig ga ƙirjinai.

Shekara arba'in da wani abu ban dubi yaron ga da kyau ba. Ɗana na hwari. Ba ni kiran sunanai, ba ni zama inda shike zamne. Ana yaye shi anka miƙa ma Mamman ƙanen mijina, shi yar raine shi. Haka anka yi muna, haka munka yi. Tun da yah hwara jan dutse da tipa zuwa gidan siminti na Kalambaina nike ce mai Mai Tipa. Kahin nan wancan nike cewa.

Ƙirjin ga ba na namiji ba na. Iyakar abin da za ni rubuta ke nan.

Bokon da anka koya muna ajin yaƙi da jahilci, sai yau yay yi min rana. Ba wanda za ni hwaɗa ma.

Lahadi, da hantsi

Na tsare Lantana wurin surhe. Nic ce tun yaushe. Tas sunkuyar da kai tana wasa da taɓarya.

"Inna, an daɗe. Ko cikin bazara singileti biyu shike sawa. Ya hana ni hwaɗi."

"Sai mi kuma?"

"Hannu na rawa in ya ɗauki kohi. Haɓatai na motsi ita kaɗai. In ya sha ruwa da sauri ta hanci shike hitowa. Ke ba ki ji muryatai ba, Inna?"

Na ji. Ta hanci shike magana tun bara. Na ɗauka mura ta. Wace mura ke shekara?

Litinin, bayan azahar

Mamman ya ce ƙurar siminti ta.

Laraba, da hantsi

Mamman ya zo da Ɗahiru wanzami. Su Ɗahiru ke yi ma gidan ga aski tun zamanin ubanai. Ina jin su daga zaure, an sa Mai Tipa shina cewa aa. Da wanzami yat tahi Mamman yash shigo shina ta hwara'a. Tun da mijina yar rasu shi na maigida, amma da ni wasa shike, tun ina amarya.

"Tsohuwata, kwantar da hankalinki. Ba ƙura ba ta, belu na."

Belu, ɗan naman ga da ke reto can ƙarshen baki. Nic ce ai an cire mai tun shina jinjiri, ina ɗaki ina jin kukanai.

"Ɗahiru ya ce bai hita duka ba. Gindin ya sauko, shi ke tare mai ruwa, shi ke shaƙe mai murya. Ƙarhe guda za a sa, a gama."

"Ƙahwar kuma hwa? Belun ya sauko har gwiwa?"

Yay yi dariya har cikinai na rawa. "Ke da ba ki san ko sunan yaron ba, yau kin zama likita?"

Ban ce mai komi bisa ƙirji ba. Ban sani ba ko ya sani.

Alhamis, bayan la'asar

Alhajin da ke da tipa ya aiko mota an kai shi babbar asibiti. Ba don tausai ba. Kowa gini shike yanzu, siminti awa zinari, mota ba ta kwana. Sun riƙe shi can.

Asabar, da hantsi

Lantana ta dawo daga asibiti da saƙo. Likita ya ce a zo da uwatai.

Mamman yac ce ai shi na uba, shi za shi. Ya sa babbar riga yat tahi. Kahin azahar yad dawo rai ɓace. An ce mai ba shi ake nema ba.

"Wai ke suke so, wadda tah haihe shi. Mi za ki hwaɗa musu? Yadda ake daka hura?"

Litinin, bayan azahar

Na je.

Likitan Ba'indiye na, ɗan siriri, wani malamin asibiti ke maida muna magana. Mai Tipa shina kwance bisa gado ya juya ma bango. Ni kuma nij juya ma taga. Haka munka yi.

Na shirya in ba da labarin gidan mijina, tunda ɗa na ubanai na. Nah hwara: kakanai ya yi shekara casa'in shina zuwa gona. Likita yaɗ ɗaga hannu. Ba wannan ba. Ke, kina da 'yan'uwa maza, ciki ɗaya?

Nic ce biyu, duk sun rasu.

Akwai wanda muryatai ta koma hanci da yag girma? Wanda ke hwaɗuwa? Wanda ke ƙwaruwa da ruwa?

Ƙannen uwarki hwa, maza?

Nid dubi taga. Malamin yac ce, "Gwaggo, ana tambayarki." Nic ce na ji, ba kurma ta ba.

Ga abin da anka ce, yadda nig gane. Akwai abin da Allah yas sa cikin jinin namiji, shi ke kawo gemu da murya da ƙarhin dantse. Mai Tipa shina da shi, bai rasa ba. Amma jiki sai da wurin karɓa. Nashi wurin karɓar an halicce shi daban, ana sallama ba a amsawa da kyau. Shi yas sa ƙirjin. Likita ya ce shina zaton duk abu guda na, da ƙirjin da harshen da ƙahwar. Bai da tabbacin komi da komi, ba a daɗe da hwara rubuta ciwon ga ba ko a ƙasar Turawa. Amma ya san ta inda shike bi. Ta wurin mace. Macen ba ta ciwo. Ɗiyanta maza, wani shi samu wani shi tsira. Ɗiyanta mata su ɗauka su kai gidan miji.

Magani hwa? Babu. Ba shi kisa da sauri, a kula da abin da shike haɗiya.

Nic ce wanzami ya ce belu na. Da anka maida mai, likita yam miƙe tsaye. Yac ce kada a kuskura. Maƙoshin ga ba shi da ƙarhin da zai turo jini waje. Ciki za shi bi.

Na hito na zamna gindin dogon yaro ina duban hannuna. Ko gezau. Ni da ban taɓa kwana asibiti ba. Ni da ke cin tuwo malmala biyu.

Litinin, bayan magariba

Ta wurin mace.

Talata, da hantsi

Sodangi.

Laraba, bayan la'asar

To, in rubuta. Gidanmu majema na. Yayana Sodangi ya kai arba'in muryatai tak koma hanci. Anka ce tokar jima ta, ta cinye mai maƙoshi. Shi ma ba shi tuɓe riga, ko cikin ramin jima, har abokai na mai ba'a wai malam na. Anka kira wanzami, wani, ba na gidan ga ba. Anka sa ƙarhe da sahe. Jinin bai da yawa, kowa ya ce an yi sa'a. Sai dai bai tohwa shi. Shina so shi yi tari, tarin ba shi hita, sai wani ƙara awa ana jan guga cikin laka. Zazzaɓi yar ruhe shi. Bai ga Jumu'a ba. Anka ce kwana ya ƙare. Kwana ya ƙare, ban musa ba.

Ƙanena Dodo nashi ya taso daga baya. Shi matsoraci na tun shina yaro, ko kaciya sai da anka kamo shi cikin rumbu. Da yaj ji an ambaci wanzami yag gudu Sabon Gari wurin wani abokinai mai gyaran keke, sai da anka bar maganar. Munka yi ta mai gori. Dodo ya tsuhwa. Da sanda, da muryar hanci, da masihwa, ya aurar da ɗiya, ya ga jikoki. Ciwon ciki yak kashe shi shekaran bara.

Kawu Tukur, ƙanen innarmu, manomi na, bai taɓa hwata ba. Shi an ce ya taka wurin iskoki bakin hwadama.

Toka. Iskoki. Ƙurar siminti. Kowa da abin da anka liƙa mai. Ba wanda yad dubi innarmu, ba wanda yad dube ni. Ni ma ban dube ni ba.

Alhamis, da hantsi

An sallamo shi. Kwalbar ƙarin jini anka ba shi, shi ke nan.

Jumu'a, bayan la'asar

Na tare Mamman bakin rijiya na hwaɗa mai abin da likita yac ce bisa ƙarhe. Ban hwaɗi sauran ba.

"Tsohuwata, likita ya ce mi? Ba magani. Wanzami ya ce mi? Akwai. In ke ce ke kwance wa za ki bi?"

"Za ku kashe shi."

"Subhanallahi. Ni nir raine shi, ke ko goyo kunya kike ji. Mutum nawa Ɗahiru yac cire ma belu garin ga? Ga Mariyatu nan ta maƙwabta, kwana biyu tat tashi tana zagin mutane."

"Mariyatu maƙoshinta lahiya lau."

"Bakinta dai. Je ki dama min hura, ki bar ma maza maganar maza."

Da wasa yah hwaɗe shi. Da ni komi wasa na. Ranar da yayanai yar rasu kaɗai nit taɓa ganin ya yi min magana ba dariya.

Asabar, bayan azahar

Na aiki Lantana ta ce ma mijinta an ce kada shi yarda. Tad dawo ido jawur.

"Ya ce wa yac ce. Nic ce daga ɗakin Inna. Sai yac ce shi belu shike da, ba ciwon mata ba. Ya ce a cire shi koma bakin mota."

Wato ya ji duk abin da likita yac ce. Bango yaj juya ma, ba kunne ba.

Ban ga laihinai ba. Belu ana cirewa da sahe a ci tuwo da dare. Wancan ba a cirewa.

Lahadi, da hantsi

Ya ƙware da koko. Ina ɗaki ina ji. Tarin ba shi hita.

Lahadi, bayan la'asar

Ina ji har yanzu.

Litinin, bayan azahar

Na je Hubbare. Na yi addu'a, na ba da sadaka. Mata cike, kowa da tata. Wata tsohuwa daga Gwadabawa tat tambaye ni mi nike roƙo, nic ce lahiyar wani yaro na maƙwabta. Ko gaban Allah na maƙwabta nic ce.

Talata, da hantsi

Rediyo ta ce sojoji sun sake shugaba. Maza sun cika zaure suna gardama, wai ko siminti za shi sauka. Mamman ya leƙo yac ce an sa rana, jibi da sahe. In dahwa ruwan zahi.

Ni za ni dahwa ruwan.

Laraba, bayan la'asar

Na yi ta juya abin. In na hwaɗi Sodangi sai na hwaɗi Dodo, sai na hwaɗi Kawu, sai na hwaɗi daga ina. Zaure ba shi riƙe magana. Ɗiyata Sadiyatu na gidan miji da yara maza ukku da budurwa guda. Shi kanai Mai Tipa ɗiya guda Allah yab ba shi, Jamilatu, an hwara tambaya. Wa za shi zo neman aure gidan da anka ce matansu na ɗauke da abu?

In na yi shiru kuma na san ƙaran. Na taɓa jin shi.

Alhamis, bayan azahar

Hannuna na rawa yau. Ba ciwon ba na.

Na dahwa ruwan. Nik kai shi da kaina, ban aika ba. Rabona da shiga zaure maza na zamne tun ina yarinya gidanmu. Mamman na nan, da limamin unguwa, da maƙwabta biyu. Ɗahiru ya buɗe zabira ya jera kaya bisa hwata. Mai Tipa kuma shina zamne bisa turmi, an yahwa mai zane, Mamman na bayanai zai riƙe kai.

"Aje nan, tsohuwata, ki koma. Ko kin zo a cire miki naki? Da mun huta."

Anka yi dariya. Ban aje ba. Nid dube shi, shi wanda ke bisa turmi, ido cikin ido. Ashe shina da hurhura a gemu. Ɗan gemun ma bai da yawa.

Nic ce, "Lawali."

Wallahi ban san muryata ba. Liman yac ce a'uzu billahi a hankali. Mamman yas saki kan.

"Lawali, ruhe bakinka."

Bai ruhe ba, mamaki ya hana shi. Sai nih hwaɗi. Sodangi, da tokar da anka ce, da ƙarhen, da ƙaran. Dodo da gudunai da tsuhwanai. Kawu Tukur. Nic ce ba ƙura ba ta, ba belu ba na, ba daga gidan ga ba na. Daga wurina yas samo shi, ni daga innata. Ban hwaɗi ƙirji ba. Wannan nashi na.

Mamman yac ce, "Bara'atu, kina cikin hankalinki?" Sunana yak kira. Ba dariya.

"Ɗahiru, ka ji ni?" nic ce.

"Na ji, Gwaggo. Amma ni maigida yak kira ni, mai baki kuma ya yarda. In sun ce a yi, yi za ni."

Sai Lawali yay yi magana, ta hanci, shina duban ƙasa. "A yi, Baba. Na gaji."

To. Abin da nir riƙe sai ƙarshe, na so kada a kai nan. Nid dahwa ƙirjina gaban liman da kowa. Nic ce in ka bari ƙarhen ga yash shiga bakinka, nonon da kash sha ban yahe ba, duniya da lahira.

Liman yam miƙe. "Malam Mamman, an wuce wurin. Ba a yi bisa wannan."

Ɗahiru ya naɗe hwatatai. Lawali ya ture zanen, yad dahwa bango yat tashi, yash shige cikin gida ta gabana. Bai dube ni ba. Ruwan zahin na hannuna har yanzu, ya ƙone min yatsa ban ji ba.

Jumu'a, da hantsi

Ba wanda yag gaishe ni. Mamman ya aiko a karɓo huratai daga wani ɗaki.

Asabar, bayan la'asar

Sadiyatu ta zo ko mayahi bai zamna ba. Magana ta kai gidan mijinta tun jiya.

"Inna, mi kinka yi muna? Uwar mijina tun sahe take kiran yarana ɗai-ɗai tana ce musu ku ce aa. Kin ceci naki kin zubar da nawa."

Nic ce naki suna nan da ransu.

"Wane daga cikinsu? Hwaɗa min wane."

Nic ce ban sani ba. Likita ma bai sani ba. Wataƙila ba ko guda.

Tay yi kuka. Ban rarrashe ta ba, ba ni da abin rarrashi. Nic ce dai in sun girma kada kowa shi sa musu ƙarhe a baki. Tat tahi ba sallama.

Lahadi, bayan azahar

Masu tambayar Jamilatu sun aiko wai sai bayan kaka.

Talata, da hantsi

Alhaji ya ba wani tipar.

Alhamis, bayan la'asar

Ina tankaɗe nig ga inuwa bakin ƙohwa. Shi na. Bai taɓa taka ɗakin ga ba tun shina rarrahe. Ya tsaya waje ya dahwa gehen ƙohwar, sai nit tura mai kujera da ƙahwa. Yaz zamna.

"Kawu Dodo," yac ce. "Yaushe yah hwara sanda?"

"Ya daɗe bai hwara ba. Girman kai."

"Ya kwanta?"

"Bai kwanta ba. Zamne shike ƙohwar gida shina saye da sayar da hwatu, shina cutar Hulani. Ya hi lokacin da shike da ƙahwa arziki."

"Magana hwa?"

"Har yam mutu ana jin zaginai daga bakin kasuwa."

Yay yi wani abu awa dariya, haɓar na motsi. Sai yac ce kwana biyu bai ci abin kirki ba, tsoro shike. Lantana koko take dama mai tsararo, wai shi hi wucewa. Nic ce wauta, tsararon ke bin hanya wadda ba tashi ba.

Nit tashi nit tuƙa tuwo mai taushi, nik kaɗa kuɓewa. Nic ce zamna miƙe. Sunkuyar da haɓa. Ƙaramar loma. Kada ka yi magana sai ta wuce. Yad dube ni, wai in ba shi wuri. Nic ce ba inda za ni, ɗakina na.

Ina kallon maƙogwaronai. Loma ta hwari ta tsaya, ta tsaya, taw wuce. Ta biyu. Bai yi tari ba. Ya cinye har ya suɗe akushi.

Da zai tashi yac ce miyar ba gishiri.

Ƙarya shike. Akwai.